Makon Da Kajin Arlo Suka Yi Lahadi Ran Asabar

Ƙanena Wendell Thiessen mutum ne da Allah Ya ba murya mai kauri, Ya kuma haɗa masa da tabbacin cewa duniya ta ƙagu ta ji ta. Shi ne mai muryar ƙasa a ƙungiyar mawaƙa maza huɗu ta cocinmu, kuma shi ke gyaran kwamfutocin makarantun gundumarmu a kudancin Manitoba. A 1993 wannan aiki na biyu ya isa ya sa tsofaffi su rage murya idan ya shigo shagon kofi. Ya kusa arba'in bai yi aure ba. Yana haya a ɗakin ƙasa na gidan wata gwauruwa a garin Steinbach, kuma abokan hirarsa wasu ne irinsa da bai taɓa gani ba, waɗanda kwamfutarsa ke kira ta layin tarho su yi ta musu a rubuce.

Ni kuwa Marlys, yayarsa, ina auren Arlo Reimer, mai kaji dubu takwas masu ƙwai. Gidan kajin dogo ne, ba taga ko ɗaya. In an kunna fitilu gari ya waye musu, in an kashe dare ya yi. Shekara biyu kafin abin da zan faɗa, Wendell ya shawo kan Arlo ya sayi kwamfuta, aka ajiye ta a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidan kajin, shi kuma ya rubuta mata manhaja. Ita ke kunna fitila da kashewa, ita ke tayar da injin zuba abinci, ita ke tayar da bel ɗin da ke kwaso ƙwai zuwa ɗakin tantancewa. Fankoki ne kawai Arlo ya hana a haɗa da ita, ya ce iskar kajinsa ba zai damƙa ta a hannun surukinsa ba.

Surukata, wadda kowa ke kira Oma har fasto, tana zaune a ƙaramin gida a ƙarshen harabarmu. Da aka kawo kwamfutar ta zo ta tsaya a kanta da sandarta, ta dube ta sama da ƙasa kamar akuyar da za ta saya, sannan ta kafa sharaɗi ɗaya. Kaji su ci, su sha, su yi ƙwansu ran Lahadi tunda ba su da hankali, amma injin da ɗan Adam ya kafa da hannunsa ba zai kwashi ƙwai a ranar Ubangiji ba. Wendell ya sa wannan a manhaja. Ran Lahadi ko ka danna maɓallin bel sau ɗari ba zai motsa ba, sai dai allon kwamfutar ya rubuto maka, "Yau Lahadi. Je ka huta." Ran Litinin kuma ni ke shan wuyar ƙwan kwana biyu, amma ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayina.

A watan Nuwamba aka yi wa Arlo aikin gwaiwa. Likita ya ce kada ya ɗaga abin da ya fi kofin kofi nauyi, kada ya taka ƙanƙarar tsakar gida. Aka shimfiɗa masa a falo kusa da tarho, ya zama sarki. Kowace safiya sai in je in yago masa takardar da firinta ke bugawa da tsakar dare, mai nuna ƙwai nawa aka samu jiya, ya karanta yana gyaɗa kai kamar shi ya yi su.

Ran Talata da yamma Wendell ya zo da wata tsohuwar lasifika ta filin wasan makaranta a bayan motarsa, da faifan kwamfuta a aljihun riga. Ya ce ya kawo wa Arlo kyautar jinya. Ya karanta a wani wuri cewa kaji na ƙara ƙwai idan ana sa musu kiɗa, don haka ya tsara waƙar yabo da kansa, ya rera, ya naɗa, kuma daga gobe duk asuba idan fitilu suka kama, muryarsa ce za ta tashe su. Arlo ya ce a bar masa kajinsa su huta. Wendell ya ɗauki wannan a matsayin kunya irin ta majinyaci, ya wuce gidan kaji.

Ina ɗakin tantancewa ina wanke tire yana aikinsa ta ƙofa a buɗe, yana yi min bayanin da ban nema ba.

"Yaya, kin san akwai wani ɗan abu a cikin kwamfutar nan, bai kai babban yatsanki ba, ba shi da aiki sai zunguri? Sau goma sha takwas da ɗan ɗori a kowane sakan yake zungurarta. Duk abin da take yi sai ta ajiye, ta ƙirga ɗaya, ta koma aikinta. Da wannan ƙirgen take sanin lokaci."

"To ai Oma ka kwatanta," na ce.

Bai yi dariya ba. Ya ce muryar mutum ba ta fita da zunguri goma sha takwas, sai an sa ɗan abin ya yi ta zunguri dubbai a sakan. Masu ƙaramin sani, in ji shi, nan suke faɗuwa, agogonsu ya haukace. Shi kuwa ya shirya yadda idan waƙa na tafiya, agogo ba ya ganin zungurin sai ɗaya a cikin ɗaruruwa, idan ta ƙare kuma komai ya koma yadda yake. Ya gwada min. Wata murya ta fito daga lasifikar kamar bijimi ya faɗa cikin ganga yana neman gafara. Kaji dubu takwas suka yi tsit. Wendell ya lumshe ido, ya ce ji yadda suka natsu. Ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa don ya ɗan gyara wani wuri, ya ci abinci da mu, ya tafi.

Ran Laraba da hantsi na shiga gidan kaji na tarar da duhu. Na ɗauka wuta ce ta ɗauke, amma fankoki na juyawa. Ina laluben akwatin fiyus sai fitilu suka kama da kansu, muryar Wendell ta fasa ɗakin. Na ce a raina wata ƙila gwaji ne ya bari. Da azahar na sake jin waƙar daga kicin. Da la'asar ma haka. Injin abinci kuwa tashi yake yi kamar mai tari, har kwamin da kaji ke ci a ciki ya cika yana zuba ƙasa. Na leƙa allon, na ga kwanan wata ya nuna Asabar. Firinta kuma ta amayo takardu da yawa a ƙasa.

Na kira Wendell a wurin aiki. Ya zo da yamma bai ko cire hula ba, ya miƙa hannu bayan kwamfutar ya kashe ta ya kunna, don wannan ne gaisuwarsa da kowace kwamfuta. Ta tashi da Laraba, ƙarfe shida da 'yan mintoci, daidai da agogon hannunsa. Ya tsaya yana kallonta na ɗan lokaci, tana tafiya tiryan-tiryan. Ya juyo ya dube ni da irin kallon da ake yi wa wadda ta ce ta ga fatalwa a bayan gida. Ya tambaye ni ko ina samun isasshen barci tun da aka yi wa Arlo aiki. Na nuna masa takardun. Ya ce wani ne ya jingina da maɓallan.

Ran Alhamis aka maimaita. Ya zo, ya kashe, ya kunna, agogo ya yi daidai. Ran Juma'a ya zo da kwali da salatif ya rufe maɓallan, ya rubuta a kai da babban alƙalami cewa kada a taɓa. Na ce masa ni na goya shi, na wanke masa kashi, kuma in ya sake yi min wannan kallon zan tuna masa a gaban ƙungiyar waƙarsu. Ya ce shi bai zargi kowa ba. Ya ƙara da cewa gobe Asabar ba ya nan, suna da waƙa a wani biki a garin Winkler, kada a neme shi.

Duk wannan ban gaya wa Arlo ba, don likita ya ce kada a tayar masa da hankali. Waƙar da yake ji daga nesa na ce masa Wendell ne ya sa ta sau da yawa don kaji su saba. Takarda kuwa sai in zaɓo wadda kwanan watanta ya yi daidai in kai masa. Abin da ban lura ba shi ne, tunda kwamfutar na yin kwana a cikin 'yan sa'o'i, ƙwan da take ƙirgawa a kowane kwanan nata ɗan kaɗan ne. Ran Asabar da safe Arlo ya sa tabarau ya duba, ya ga kaji dubu takwas sun ba shi ƙwai ɗari tara da wani abu. Fuskarsa ta yi fari kamar takardar. Na ce masa ƙwai na nan lafiya, ni na kwashe su da hannuna, kwamfutar ce ta ruɗe. Ya ce kwamfuta ba ta ruɗewa, mutane ne ke ruɗewa. Na gane bakin wa ya aro. Kafin in dawo daga kicin ya riga ya kira likitar dabbobi, Dakta Lucille Gagnon ta garin Ste. Anne, yana gaya mata annoba ta shigo masa. Ta ce tana can tana fama da shanun wani, ba za ta samu zuwa ba sai gobe da rana. Ita ba 'yar cocinmu ba ce, Lahadi ba ta hana ta komai.

Na fita in kwashi ƙwan Asabar. Na ɗaga kwalin Wendell na danna maɓallin bel. Allon ya ce, "Yau Lahadi. Je ka huta." Na sake dannawa, ya sake ba ni shawara. Na yi masa wata magana da ba zan maimaita ba, na koma gida na sha kofi. Bayan sa'o'i kaɗan Lahadin kwamfutar ta wuce, bel ya tashi da kansa kamar ba abin da ya faru. A lokacin ne na yanke shawarar ba zan kashe ta ba. Na san in na kashe na kunna za ta yi lamo kamar yaron da ya ji takun ubansa, kuma Wendell zai sake tambayata batun barci. Na rage abincin da ke gangarowa da hannu don kada kaji su fashe, na bar ta ta ci gaba da gudunta.

Oma ba ta ji sosai da kunnen hagu, kuma ta kwana biyu ba ta fito ba saboda sanyi. Ran Lahadi na ɗauke ta a mota muka je coci. Wendell ya rera waƙa, ya zo ya zauna kusa da mu yana ƙamshin man gashi, Oma ta gayyace shi faspa, ɗan abincin da muke ci da yammacin Lahadi. Muka dawo a jere, motata a gaba tasa a baya. Ina buɗe wa Oma ƙofa ta sauko, ta tsaya cak, ta juya kunnenta mai kyau wajen gidan kaji. Bel na tafiya, ƙarar ƙarafunansa har bakin titi.

"Marlys, me nake ji?"

"Bel ne, Oma."

"Yau wace rana?"

"A nan Lahadi. A can ciki ban sani ba, sai mun duba."

Oma ta juya ta nufi gida. Ta shiga falo ta tsaya a kan Arlo, ta tambaye shi ko don ubansa ya mutu ne yake ganin an ɗage dokokin Allah a gonar nan. Arlo, wanda bai taka waje ba tun da aka sallamo shi, ya rantse bai san komai ba. Ta ce kada ya ƙara zunubin rantsuwa a kan na farko. Wendell ya ce abin ba zai yiwu ba, shi ya rubuta dokar Lahadin da hannunsa, ya juya zai tafi gidan kaji. Na sha gabansa. Na ce ba inda za shi sai likita ta zo, sannan mu je gaba ɗaya, don ina son shaidu. Oma ta goyi bayana, ba don ta fahimta ba, sai don ta ce ba wanda zai taɓa inji ran Lahadi ko don kashe shi sai an ga dalili. Muka zauna muka ci burodi da cuku da kokwamba mai tsami. Can bel ya tsaya da kansa. Wendell ya yi ajiyar zuciya ya ce kun gani.

Dakta Gagnon ta iso wajen la'asar, gajeriyar mace mai katon takalmin roba da bakin da ba ya jin kunyar kowa. Ta leƙa Arlo ta tambaye shi ko shi ma a duba shi tunda ta zo da safar hannu. Sannan muka ɗunguma, ita da ni da Wendell da Oma a baya tana dogara sanda a kan ƙanƙara.

Likita ta shige cikin kaji kai tsaye. Mu uku muka tsaya a ɗan ɗakin kwamfuta. Hannun Wendell ya nufi bayan na'urar tun kafin idonsa ya kai allon, ni kuma na riga na san hannun. Na buge shi da tiren ƙwai.

"Duba tukuna," na ce. "Ka duba kafin ka gaishe ta."

Ya duba. Allon ya nuna Laraba, cikin watan Disamba, ƙarfe tara saura na dare. Lambobin sakan na wucewa ido ba ya iya kama su, minti kuma na canzawa kafin ka ja numfashi biyu. Wendell ya cire tabaransa ya goge ya mayar. Muna tsaye tara ta buga, fitilun gidan kajin suka mutu baki ɗaya. Daga can cikin duhu muka ji Dakta Gagnon ta yi wata magana da Faransanci, wadda na ji daɗi Oma ba ta jin yaren. Ta ce mana kada mu damu, tana da tocila, za ta ci gaba da dubawa.

Wendell ya zauna a kan bokiti ya kifa kai. Na ga leɓensa na motsi yana lissafi. Can ya ɗago ya ce ninki takwas take gudu. Ya ce in waƙa ta ƙare akwai lambar da ya kamata ya mayar wa ɗan abin zungurin don ya koma goma sha takwas ɗinsa, shi kuwa wata lambar ya rubuta, wadda ya yi amfani da ita a wani gwaji tun bazara. Ya mayar da shi, amma ba inda ya same shi ba. Na tambaye shi yaya aka yi take yin daidai duk lokacin da ya zo. Ya ce ai agogo biyu ne a ciki, akwai wani mai batir da ba ruwansa da zunguri, kuma duk sanda aka kunna kwamfuta shi take tambaya lokaci. Wato shi da kansa yake share laifin kowace yamma, sai asuba waƙa ta sake tayar da shi. Ya faɗi haka da wata irin sha'awa, kamar yana ba da labarin wayon wani.

Oma ta ce ita ba ta tambayi agogo nawa ne a ciki ba. Ta ce yau Laraba ce ko Lahadi. Wendell ya ce Lahadi ce, Oma. Ta ce to ya gaya wa abin nasa.

Ya zaro faifan da tsohuwar manhajar ke ciki, ta kafin waƙa, ya cusa. Injin faifan ya yi gurnani ya tsaya. Ya sake gwadawa, ya sake tsayawa, allon ya ce ba a iya karantawa. Wendell ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce ai na'urar da ke juya faifan ma da zungurin nan take sanin lokacin da za ta huta, yanzu kafin ta fara aiki an ce mata ta gama. Na ce masa ashe duk gidan a wuyan ɗan abin nan yake rataye, shi kuma ya kama shi ya murɗa don kaji su ji muryarsa. Ya ce in an faɗe shi haka ba ya da daɗin ji.

Da ya kashe kwamfutar a lokacin da an wuce wurin. Amma Oma ta hana. Ta ce tana son ta ga ƙarshen abin da idonta, tunda an ce akwai waƙar yabo a ciki kuma ba a taɓa sa mata ba. Na ɗauko mata kujera. Muka zauna muna kallon daren Laraba na wucewa a guje, firinta ta farka ta buga rahoton tsakar dare, aka shiga Alhamis. Likita na can ciki, hasken tocilarta na yawo tsakanin keji. Ta kai tsakiyar ɗakin, daidai ƙarƙashin lasifikar, lokacin da asubar Alhamis ta yi.

Fitilu suka kama, muryar Wendell ta fashe a kanta. Tocilar ta tashi sama. Kajin kuwa ko gezau ba su yi ba, sun riga sun ji ta har ta zame musu kamar ƙarar fanka, suka miƙe suka fara cin karin kumallonsu na ban san nawa ba a ranar. Oma ta saurara har ƙarshe da hannu a bayan kunne.

"Wane ne wannan?" ta tambaya.

"Ni ne, Oma."

"Lafiya kake lokacin da ka yi ta?"

Dakta Gagnon ta fito da gashin kaza a kafaɗa, tana share hawayen dariya da bayan hannu. Ta ce ta yi shekaru tana wannan aiki, ta ga kaji masu mura, ta ga masu ƙwarƙwata, amma yau ta fara ganin kajin da aka yi wa wa'azi har suka daina ji. Ba annoba, in ji ta. Sun gaji ne kawai, sun yi ƙiba, wasu na yin ƙwai mai taushin ɓawo, wasu za su zubar da gashi. A mayar musu da rana ɗaya a kowace rana, cikin 'yan makonni za su dawo daidai. Ta ce wa Wendell in yana son ya sake gwada muryarsa a kan dabba, ta san wani mai aladu da ba ta shiri da shi.

Sai a nan Oma ta yarda a kashe. Wendell ya kashe, ya tayar da ita daga tsohon faifan, ya cire wayar lasifikar ya naɗe a hannu. Allon ya dawo Lahadi. Don tabbatarwa Oma ta sa shi ya danna maɓallin bel, allon ya ce masa ya je ya huta, ta ce wannan shawara ce mai kyau.

Saura ƙwan da bel ya kwaso da rana. Tire-tire ne jibge a ɗakin tantancewa, ƙwan sun haura dubu biyar. Arlo daga kan gadonsa ya ce ƙwai ƙwai ne, motar kamfani za ta zo ran Talata ta kwashe. Oma ta ce ba a gonar mijinta ba. Abin da inji ya tara ran Lahadi ba za a sayar ba, ba kuma za a zubar ba, don zubar da abinci wani zunubin ne. Arlo ya ce a wurin injin ai Laraba ce, don haka injin bai yi laifi da saninsa ba. Ta ce ba injin za a tambaya ranar hisabi ba. Suka yi ta ja har kofi ya huce, aka tsaya a kan cewa za a raba su kyauta, gida-gida, kuma wanda ya jawo abin shi zai kai. Ta ƙara da cewa duk wanda ya tambayi dalili a gaya masa gaskiya.

Kowa ya tambaya. A garinmu ba a miƙa wa mutum tire uku na ƙwai ya karɓa bai tambaya ba. Wendell ya ɗauki hutun aiki, ni na tuƙa motar don in tabbatar bai zube su a rami ba. A gidan farko ya yi bayanin zunguri da agogo biyu da na'urar faifai, matar gidan na tsaye a bakin ƙofa sanyi na shigar mata. A gida na biyar bayanin ya ragu zuwa cewa ya yi kuskuren lamba. Zuwa yamma labari ya riga mu gaba, mutane na fitowa da kwanduna suna tambayarsa ko yau wace rana ce a wurinsa. Fasto ya karɓi nasa, ya ce zai duba littattafai ya ga ko kajin da suka yi Lahadi biyu a mako ɗaya suna da rarar da za a ajiye musu. Matar fasto ta ce a sa mata waƙar. Wendell ya ce ya goge ta. Ƙarya yake, na ga faifan a aljihunsa.

Gida na ƙarshe na Abram Dueck ne, wani tsoho da ke zaune shi kaɗai a bayan injin niƙa. Bai ji labarin ba, don ba ya jin komai sai an yi ihu. Ya karɓi ƙwan ya leƙa tiren, bai tambayi dalili ba. Ya ƙura wa Wendell ido, ya ce ba kai ne ɗan Thiessen mai kwamfuta ba. Wendell ya gyaɗa kai a gajiye. Tsohon ya kama hannun rigarsa ya ja shi falo, ya nuna masa na'urar bidiyon da 'yarsa ta saya masa, wadda agogonta ke ta ƙifta sha biyu tun bara. Ya ce abin na hana shi sukuni, ko zai iya saita masa.

Wendell ya waiwayo ya dube ni. Na ce ni ba ruwana, ina mota. Ta taga na hango shi ya durƙusa a gaban na'urar da rigar sanyinsa, ya duba agogon hannunsa, ya danna, ya sake dubawa. Ya daɗe a durƙushe bayan ya gama, shi da tsohon suna kallon lambobin, har sai da minti ya canza. Sannan ya fito ya shiga mota ya ce mu tafi, yana jin yunwa, amma don Allah kada in soya ƙwai.